Kakaki a Kan Hanya: Yadda Ake Kai Muryar Fada Nesa Ba Ta Dishe Ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ranar hawan salla, ya ga sa'ad da masu kakaki suka ɗaga dogayen bututansu sama suka saki muryar nan mai ratsa ƙirji, wadda takan sa doki ya kafa kunnuwa, yaro ƙarami ya ruga ya ɓuya bayan uwarsa, to da wuya ya kawo wa ransa cewa abin nan da ya cika gari da amo, in aka sauke shi aka kwantar a ƙasa, ƙarfinsa bai fi na ƙwarya da wani abin kirki ba. Tagulla ce da aka buge ta har ta yi fele-fele, aka naɗe ta, aka liƙe da dalma. Tsawonta ya haura mita 2, wani har ya zarce 3, alhali kaurin bangonta bai kai na farcen mutum biyu a haɗe ba. Saboda haka mas'alar da nake so mu duba a nan, wato yadda za a ɗauki irin wannan kaya daga wani gari a kai shi wani gari mai nisa lafiya lau, mas'ala ce da ta daɗe tana damun masu sana'ar busa, ko da yake ban taɓa jin wani ya zauna ya yi wa jama'a bayaninta ba.

Abin da ya jawo hankalina gare ta kuwa, wata rana ce da kaka a Yelu, cikin ƙasar Gaya, inda na tarar da wani dattijo mai busa da jikansa sun yada zango a inuwar giginya, suna kan hanyar komawa gida daga wani bikin naɗin sarauta da aka gayyace su. Na iske dattijon ya warware kakakinsa gaɓa-gaɓa, ya jera su a kan tabarmar kaba, ya juya bakunansu wajen iska, shi kuma ya zauna yana ɗaura tsumma a kan wani siririn kara. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, ashe abin nan rabuwa yake yi?" Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, in bai rabu ba, wa zai shiga mota da shi? Wanda ya ƙera shi ya san matafiyi ne."

Lalle kuwa matafiyi ne tun asalinsa. Littafin Tarihin Kano ya lissafa kakaki cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya fara kawowa fadar Kano. Littafin Tarikhul Fattash na malaman Tambutu kuma ya ambaci cewa Askiya Muhammadu na Songhai ya samo kakaki ne a yaƙin da ya kai ƙasar Abzin wajen shekarar 1500, kafin nan babu shi a fadarsa. Masana suna danganta shi da nafirin Larabawa, wanda har yau ana busa shi a biranen Maroko cikin watan Ramalana don tayar da mutane sahur. Ke nan ya ƙetare Sahara bisa raƙuma, cikin zafi da guguwa da girgizar tafiyar kwana da kwanaki, ya iso da muryarsa. Mu kuma mutanen wannan kusurwa ta Gaya, Allah ya zaunar da mu a tsakiyar hanyarsa: a gabas ga Kabi ta Kanta da fadar Argungu, a arewa ga fadar Zarmakoy ta Dosso, ga Dandi da muke cikinta, inda Askiyoyi suka ja daga bayan da rundunar Maroko ta ci su a Tondibi a 1591, sa'an nan in an ƙetare Kwara zuwa Bargu ga birnin Nikki, inda ake busa wa sarki irin waɗannan dogayen ƙahonni da suke kira kankangi, musamman a bikin Gani. Yarabawa suna kiransa da sunan da muke kiransa, Nufawa ma sunansu bai yi nisa da namu ba. Duk inda aka ji shi, wani ne ya ɗauko shi a kafaɗa ko a bayan dabba ya kai.

Kafin a gane dabarar ɗaukarsa, wajibi ne a gane inda muryarsa take. Kakaki ba shi da huda irin ta algaita, ba shi kuma da maɓalli. Leɓen mai busa ne ke karkarwa a bakinsa, iskar da ke cikin dogon bututun ta amsa, faffaɗan ƙoƙon da ke ƙarshe ya watsa amon cikin gari. Sauti biyu ne galibi yake bayarwa, na sama da na ƙasa, amma da yake harshen Hausa harshe ne mai hawa da sauka, waɗannan biyun sun ishe shi ya yi wa sarki kirari wanda 'yan fada za su fahimta kalma-kalma, kuma daga nan ne muka ari sunansa muka ba mai magana da yawun hukuma, har muke cewa kakakin majalisa. To wannan magana tasa ta dogara ne bisa ga abu biyu: cikin bututun ya zama a miƙe sumul, kuma iska kada ta sami wata kafa ta fita sai ta ƙarshe. In bututun ya lotsa a tsakiya, hanyar iska ta ƙuntata, muryar sai ta shaƙe, mai busa ya yi ta kumbura kumatu a banza. In kuwa liƙin dalma ya tsage, ko da tsagar ba ta fi silin gashi ba, iska sai ta riƙa zurarewa ta nan, sautin sama ya ƙi fita, kirari ya koma gurnani. Lotsawar da ke kusa da bakin busa ta fi ta kusa da ƙoƙo illa, domin a nan bututun ya fi siranta, kaɗan ya shiga ciki ya ci rabin hanya.

Na zauna kusa da dattijon nan na kalli aikinsa tun daga farko har ƙarshe, kuma zan faɗe shi kamar yadda na gani, domin ban ga abin da zan ƙara masa ba sai kaɗan. Ya fara da zura karan nan mai tsumma cikin kowace gaɓa, ya shige ya fito, har sai da tsumman ya fito a bushe. Ya ce tururin numfashi da yawu su ne maƙiyan tagulla na farko, in aka rufe ta da danshi a ciki, kafin a kai gari za a iske koren tsatsa ya fara cin liƙi. Daga nan jikan ya miƙo masa waɗansu sanduna marasa nauyi da aka fere, kowace daidai da cikin gaɓarta, an naɗe su da tsohon rawani. Ya zura kowace a mazauninta a hankali, ba tare da dannawa ba, yadda in wani abu ya taushe bututun daga waje zai iske cikinsa a cike, ba shi da inda zai lotsa. Bakunan gaɓoɓin, inda wannan take shiga cikin waccan, ya ɗaure su da ƙyalle ninki-ninki, ya ce su ne in suka ɓaci ko da kaɗan, kakaki ba zai sake haɗuwa ya yi tsam ba. Ƙoƙon kuma ya cusa masa audugar rimi a cikin ƙaramar jaka, ya kewaye leɓensa da gammo. Sa'an nan ya sa kowace gaɓa a nata kuben na fata, ya haɗa su ya ɗaure tsakanin gorori biyu da suka fi su tsawo da kamar taƙi ɗaya ta kowane gefe, domin in kayan ya faɗi ta kai, gora ce za ta fara taɓa ƙasa.

Wannan dabara ta sandar ciki ta ba ni mamaki ƙwarai, saboda na san an sami irinta a wani wuri da ba wanda zai yi zato. Sa'ad da Howard Carter ya buɗe kabarin Fir'auna Tutankamun a Masar a 1922, cikin kayan da aka tarar akwai ƙahonni biyu na busa, ɗaya na azurfa ɗaya na tagulla, kuma kowanne da itacen da aka sassaƙa daidai cikinsa aka zura masa don kada ya lotse. Sun kwana fiye da shekara 3,000 a haka, har aka busa su a rediyon BBC a 1939 duniya ta ji. Dattijon Yelu bai taɓa jin wannan labari ba, amma da na ba shi sai ya kaɗa kai ya ce, "Ai tagullar Fir'auna da tamu halinsu ɗaya." Haƙiƙa hankali ni'ima ce da Allah bai keɓe wa wata al'umma ita kaɗai ba.

Abin baƙin ciki shi ne zamanin mota, wanda ya rage mana nisan tafiya, shi ne kuma ya fi kowane zamani ɓarna ga irin wannan kaya. Da, mai kakaki ba ya rabuwa da kakakinsa: in sarki ya hau yana gaba, in an sauka yana jingine kusa da shimfiɗarsa. Yanzu kuwa sai a miƙa wa yaron mota a tasha, shi kuma abin da ya sani duk dogon abu bisa rufi yake kwana, sai ya shimfiɗa shi a can, ya ɗora buhunan hatsi a kai, ya ja igiya iya ƙarfinsa, ya taka da ƙafa ya ƙulle. Da idona na ga wani kakaki da aka sauke daga rufin wata mota bayan irin wannan tafiya: igiyar ta yi masa wuya a wuri uku, ƙoƙon ya koma kamar faifai, mai shi ya tsaya yana jujjuya shi a hannu bai ce wa kowa uffan ba, ga shi gobe ne bikin da aka kira shi dominsa. Yaron motar bai yi da mugunta ba. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa abin da ya ɗaure ɗin ba bututun famfo ba ne.

Mutane da yawa suna zaton zafin rana ne ke narkar da dalmar liƙi. Ba haka ba ne, domin dalmar da masu liƙi ke aiki da ita ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 180, ranar bazara kuwa ko a bisa rufin mota ba ta kusantar haka. Abin da ke kashe liƙi shi ne gargada. Hanyar burji tana girgiza kaya sau dubbai cikin sa'a guda, dogon bututu kuma in an tallafe shi ta ƙarshensa biyu kawai, tsakiyarsa sai ta riƙa lilo, tana lanƙwasa tana miƙewa, har ƙarfen ya gaji ya tsage, kamar yadda yaro ke karya waya da yawan lanƙwasawa. Saboda haka ƙa'idar duka ita ce kada kayan ya motsa cikin mazubinsa ko kaɗan, kuma kada nauyin komai ya sauka a kansa. Wanda ba shi da kuben fata, domin dukawan da ke ɗinka irinsa sun yi ƙaranci, ya nemi bututun roba mai kauri irin na ruwa, ya yanka shi ya ɗara gaɓar tsawo, ya naɗe gaɓar da soso ko tsumma har ta shiga da ƙyar, ya toshe bakuna biyu. Ƙoƙon kuma a sa kafinta ya yi masa akwatin katako, a bar tazarar yatsa huɗu ta kowane gefe a cike ta da soso. In an gama a ɗaga a girgiza kusa da kunne: in an ji wani abu yana ƙwas-ƙwas, aiki bai ƙare ba, a kwance a sake.

Akwai kuma wani haɗari da ya keɓanta da yankinmu. Ƙasar Gaya ƙasar gishiri ce, gishirin Foga ya shahara tun kaka da kakanni, kuma da wuya a ga motar kasuwa ba ta ɗauke da shi ko da kanwa. Gishiri yana jan danshi, in ruwansa ya ɗiga a kan tagulla yakan ci ta ya bar ƙananan ramuka waɗanda gogewa ba ta fitar da su. Kada a yarda a haɗa kakaki wuri ɗaya da gishiri, ko kanwa, ko takin zamani, ko batirin mota. Haka nan wanda ya wanke kakakinsa da tsamiya da toka don ya yi walƙiya kafin tafiya, ya ɗauraye shi da ruwa mai yawa ya shanya sosai, domin tsamin da ya saura a lungun liƙi ba ya daina aiki. Ledar da ake naɗe kaya da ita tana tsare ruwan sama, gaskiya ne, amma tana tsare gumi a ciki. In za a sa ta, a sa ta daga wajen akwati.

Sai batun Kwara. Gadar da ta haɗa Gaya da Malanville ita ce ƙofar hanyar Parakou da Kwatano, amma tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar da aka rufe iyaka, jama'a da yawa suka koma ƙetarewa da kwalekwale. Mai ɗauke da kakaki a jirgi ya ɗora shi bisa cinyarsa ko bisa katakon zama, a tsawon jirgin, kada ya gitta shi, kada kuma ya bari a kwantar da shi a ƙasan jirgi inda ruwa ke taruwa ana takawa. A nan ma ya kamata a tuna da hukuncin da malamanmu na Malikiyya suke karantarwa a Risala ta Ibn Abi Zaid: mai jirgi ba ya lamunin kayan da suka salwanta ba da sakacinsa ba, sai dai ba shi da ladan ɗauka sai ya isar, mai sana'a kuwa, kamar maƙerin da aka kai wa gyara ya shige da kayan shagonsa, shi yana lamuni. Fa'idar sanin wannan ita ce mai kaya ya gane cewa in ya miƙa kakakinsa ba shiri ya ɓaci a hanya, hasarar tasa ce, ƙorafi ba zai mayar masa da ita ba. Kuma tun da aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, ta yi horo da rubuta bashi da kafa shaidu, babu laifi mu yi koyi da wannan ladabi a sha'anin amana: a ɗauki hoton kayan da waya kafin a rufe, a nuna wa direba a gaban shaidu, a rubuta lambar motar, a kira wanda zai karɓa a can.

Abin da aka faɗa a kan kakaki ya shafi manyan ƙahonnin badujala na soja da 'yan sanda da makarantu, waɗanda ake shigo da su daga Turai ko Asiya ta tashar Kwatano ko Legas. Mafi girmansu shi ne wanda ake kira tuba, da Wieprecht da Moritz suka yi wa rajista a Berlin a 1835. Bututun babbansa in an warware shi ya haura mita 5, amma an nannaɗe shi yadda mutum zai rungume, nauyinsa kuma yakan kai kilo 10 ko fiye. Shi nauyinsa ne maƙiyinsa: in akwati ya faɗi ta wajen ƙoƙo, gangar jikin sai ta danno ƙoƙon ta murɗe shi. Don haka masu sayar da shi sukan hura ƙwallo su cusa cikin maƙogwaron ƙoƙon, yadda bugun zai sauka a kan iska, leɓen ƙoƙon kuma ya zauna bai taɓa bangon akwati ba. Sukan cire bakin busa su naɗe shi dabam, domin dunƙulen ƙarfe ne, in ya kuɓuce cikin akwati zai yi ta dukan jikin ƙahon tun daga tashi har sauka; maɓallan kuma a kewaye su da soso, saboda in gidansu ya karkace ko da kaɗan sai su cije. A jirgin sama yawancin kamfanoni sun ƙayyade kaya ɗaya a kilo 23, tsawo da faɗi da tsayi in an haɗa kada su wuce santimita 158, abin da ya wuce haka sai an sanar tun da wuri an biya ƙari. Wasu masu busa a ƙasashen waje har kujera guda suke saya wa ƙahonsu.

Wanda zai fita da kakaki ƙasar waje, ko don wasa ko don an saya, ya sani cewa duwan da kwastan suna da hakkin tambayarsa, domin Nijar tana da dokar kare kayan tarihi ta 1997, Nijeriya kuma tana da tata ta 1979 wadda ta kafa hukumar gidajen tarihi, dukansu sun hana fitar da tsofaffin kayan gado ba da izini ba. Sabon kakaki, ko na tagulla ko irin wanda ake yi da garwar kananzir, a riƙe takardar maƙerin da ya ƙera shi. Tsoho na fada kuwa, ni a ganina bai kamata ya fita ba sam sai tare da mai busa shi, ya je ya dawo, domin irin waɗannan ba dukiyar mutum ɗaya ba ce, na gari ne, kuma maƙeran farin da za su iya ƙera madadinsu da irin wancan kyau ba su da yawa a yau.

A can Yelu kuwa, da la'asar ta yi, motar da dattijon yake jira ta iso. Yaron mota ya miƙo hannu zai karɓi ɗaurin ya jefa sama, dattijon ya riƙe ya ce, "A'a, yaro, wannan kuɗin mutum guda zan biya masa." Ya ƙirga kuɗin kujera uku ya ba direba, suka shiga shi da jikansa, suka zura gororin ta ƙarƙashin kafaɗunsu har baya, ƙoƙon yana bisa cinyar jikan, ya rungume shi da hannu biyu.

Ina roƙon masu martaba sarakunanmu da hakimai, in sun aika a kira masu kakaki daga nesa, su sa kuɗin kujerar nan ta uku cikin guzurin da za su aika. Ku kuma shugabannin tasha na Gaya da Dosso da Kamba, ku gaya wa yaranku cewa in sun ga dogon kube na fata a hannun dattijo, su tambaye shi inda yake so a ajiye kafin su taɓa igiya.